Kiyashi a Injin Ruwan Baba

Ƙarfe biyu na rana ta wuce, hadari ya haɗu tun hantsi ya ƙi zubowa, sai zufa kawai yake matsowa daga jikin mutane. Auta yana zaune a shagonsa na gyaran waya da rediyo, ya buɗe bayan wata waya ke nan, sai tasa wayar ta kama ruri a aljihu. Tun kafin ya ciro ta ya san babbar yayarsa ce. Ita kaɗai take kira ta katse ta sake kira, ba ta barin mutum ya goge hannu.

"Kana ina?"

"Ina shago, Yaya. Ina wuni?"

"Rufe shagon ka tafi gida. Injin ruwan Baba ya mutu tun shekaranjiya, babu wanda ya gaya mini sai yau da na matsa wa Inna. Kuma tun da ya mutu tsohon nan bai sha ruwan kirki ba."

"Yaya, akwai mutane a gabana."

"Su ma suna da iyaye, za su gane. Ina tasowa daga aiki zan biyo."

Ta katse. Auta ya dubi mai wayar da ke tsaye, ya ba shi haƙuri, ya tattara kayan aikinsa cikin jaka yana sakin ajiyar zuciya.

Maganar injin nan doguwa ce. Baba ya yi rayuwarsa yana tuƙin babbar mota, duk inda ya tsaya a hanya lemon kwalba mai sanyi yake sha. Da ya ajiye tuƙi sai ciwon suga ya kama shi. Likita ya hana shi zaƙi, ya ce kuma ya riƙa shan ruwa da yawa domin ƙodarsa ta fara gunaguni. Baba ya ce shi ruwa zalla ba ya wuce masa maƙogwaro, kamar mutum yana haɗiyar iska ne. Shi ne Yaya ta sayo injin da yake sa wa ruwa gas a gida. A cika kwalba da ruwa, a ɗaura ta a bakinsa, a danna maɓalli, ya yi fiss, ruwa ya fito yana tsalle kamar lemo. Baba ya raɗa masa suna Mai Atishawa, kuma bayan 'yan kwanaki ya kama sha ba ji ba gani.

Sai dai duk da haka sugansa ya ƙi sauka. A zuwansu asibiti na ƙarshe Yaya ta faɗa a gaban kowa cewa in aka sake samun ya hau, za ta ɗauke Baba ya koma gidanta, can ƙarshen gari, a saman bene, inda za ta ga duk abin da yake kaiwa baki. Inna kuwa da gwiwarta ba ta iya hawa bene. Baba ya ce gidan da ya gina da guminsa sai dai a fitar da gawarsa. Yaya ta ce za a gani.

Auta ya tarar da Baba a falo, ya miƙe ƙafafu a gaban fanka, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ga kofin ruwa a kan kujerar tsugunno kusa da shi, cike fal, har ƙura ta kwanta a kai.

"Sannu da gida, Baba. Ya jiki?"

"Sajan ce ta turo ka?" Haka yake kiran Yaya in ba ta nan.

"Ita ce. Baba, ga ruwa a gabanka."

"Na gan shi. Shi ma ya gan ni."

Auta ya wuce kicin. Inna ta lulluɓe injin da mayafin tebur mai aikin saƙa, kamar jariri yana barci. Da ya yaye mayafin sai ya tsaya yana kallo. Gefen injin ya tsage, ɗaya daga cikin kusoshin baya kuma an cinye mata kai da bakin wuƙa.

"Inna, wa ya taɓa shi?"

"Babu wanda ya taɓa shi."

"Wannan tsagewar fa?"

Daga falo Baba ya ɗago murya. "Ɗan bubbugawa na yi masa. Mota ma in ta ƙi tashi, kana dukan sitata sau biyu take shiga taitayinta."

"Baba, wannan ba mota ba ce."

"Duk inji ne."

"Ni dai shanya shi kawai na yi a rana jiya," in ji Inna, "ko sanyi ne ya kama shi."

Auta ya rufe ido na ɗan lokaci, ya buɗe. Ya jawo kujera ya zauna. Ya fara da abin da yake farawa da shi kullum. Ya gwada soket ɗin bango da cajar wayarsa, akwai wuta. Ya ɗora mita a kan bakin wayar injin, wuta tana isowa. Ya kwance silindar gas ɗin daga baya ya auna ta a hannu, da sauran nauyinta. Ya danna maɓallin, ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba, kuma maɓallin da kansa ya nutse ya ƙi dawowa sai da ya zaƙulo shi da farce.

Buɗe shi ya ba shi wahala. Kusoshin gaske a ɓoye suke ƙarƙashin robobin ƙafa, waccan da aka yi wa aika-aika da wuƙa kuwa sai da ya kama ta da filaya ya riƙa murɗawa a hankali, zufa tana ɗiga daga hancinsa. Yana cikin haka Baba ya iso ya tsaya a kansa, hannu a baya.

"Ba ta nan ake buɗewa ba."

"Ta ina ake buɗewa, Baba?"

"Ni na sani? Kai ne mai gyara. Amma ba ta nan ba."

Murfin ya buɗe ta nan ɗin. Baba ya yi gyaran murya ya koma falo.

Auta ya haska tocila a ciki, sai ya ja kansa baya. Kiyashi ne, baƙi ƙirin, wasu a mace sun manne, wasu suna ta guje-guje da ganin haske. Ɗan koren allon da duk wayoyin suke haɗuwa a kansa ya rufe da wani abu ruwan ƙasa mai danƙo, ya gangaro tun daga bututun da yake shiga kwalba, ya bi jikin roba, ya taru a ƙarƙashin maɓalli. Ya dangwala da yatsa ya shinshina. Ya ɗan taɓa a harshe.

Zaƙi.

Ya daɗe yana kallon yatsan. A jikin injin ma an zana hoton gargaɗi, ruwa zalla kaɗai ake sawa. In aka sa mai zaƙi, gas yana shiga sai ya yi kumfa ya yi ambaliya ya haura sama. Wannan danƙon kuwa ba na rana ɗaya ba ne, ya yi hawa-hawa, na ƙasa har ya daskare.

Ya juya. Inna tana bakin famfo tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

"Inna."

"Na'am."

"Wa yake sa sukari a kwalbar nan?"

Ta kashe famfo. Ta leƙa ƙofar falo, ta dawo ta matso kusa da shi har yana jin ƙamshin sabulu a hannunta.

"Rage murya mana. Cokali ɗaya ne fa, ƙaramin nan na shayi. Da safe in na cika masa kwalbar nake sawa, in girgiza, in ajiye a firji. Shi yake danna abinsa da kansa, ka san ba ya yarda kowa ya danna."

"Inna! Mai ciwon suga?"

"To ya zan yi? Kwanakin farko kurɓa ɗaya yake yi ya ture. Likita ya ce ya sha ruwa, ni kuma na sa ya sha. Kai ba ka zauna da shi ba, ba ka ga yadda yake kallon kofin nan kamar maraya ba. Kar ka gaya masa, shi a zatonsa injin ne yake ba da ɗan ɗanɗanon. Yayarka kuwa, in ta ji, kashina ya bushe."

Sai Baba ya ƙwala kira daga falo. "Auta! Zo ka duba mini fankar nan, tana wani ƙara."

Fanka lafiyarta ƙalau. Baba ya yafito shi da hannu, ya sa shi ya durƙusa kusa da kujera.

"Me ka gani a ciki?"

"Kiyashi."

"Kiyashi kawai?"

"Da abin da ya kawo su."

Baba ya shafa gemu ya dubi silin. "Ka ga, kai namiji ne, za ka fahimta. Akwai ɗan ƙulli a aljihun tsohuwar rigata ta sanyi, wadda take rataye a bayan ƙofa. In uwarka ta cika kwalba ta shiga wanka, sai in ɗan barbaɗa. Cokali ɗaya. Bai ma cika cokali ba. Me cokali ɗaya zai yi wa ƙato kamata? Kar ka gaya mata, ka san ta da tsoro, yanzu ta kai wa Sajan rahoto."

Auta ya miƙe tsaye. Shi mutum ne da ba a cika jin muryarsa ba, ko mai waya ya zage shi a shago murmushi yake yi. Amma yau sai ya ɗaga murya.

"Inna, zo don Allah."

Ta shigo tana goge hannu da gefen zane.

"Inna tana sa cokali ɗaya da safe. Baba yana sa cokali ɗaya in ta shiga wanka. Kwalba nawa kake sha a rana, Baba?"

Baba ya juya a hankali ya dubi matarsa.

"Ke kina sawa?"

"Kai ma kana sawa, Malam?"

"Ashe shi ya sa! Ni ina ta yabon injin, ina cewa masu ƙera shi sun iya aiki."

"Ni da nake tausayinka! Ashe kana can kana yi mini sata a bayan ƙofa. Ina ka samu ma?"

"A gwangwaninki."

"Shi ne na yi ta zargin kaina da mantuwa, ina cewa sukarin nan ba ya albarka!"

Auta ya bar su ya koma kicin, don in ya tsaya zai faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa ba. Ya zare wayoyin allon ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar hotonsu da waya don kar ya manta mazaunin kowacce. Ya zuba sifirit a murfin kwalba, ya tsoma tsohon buroshin haƙori, ya shiga gogewa. Danƙon yana narkewa yana fita da gawarwakin kiyashi. Da allon ya fito fes sai ɓarnar ta bayyana. Ɗaya daga cikin siraran layukan tagulla da wuta take bi ya ci tsatsa ya yi kore, ya katse a tsakiya. Ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓalli kuma ya cushe. Ya ɗiga masa sifirit ya yi ta dannawa har ya fara amsawa da ƙas-ƙas. Ya jona ƙarfen dalma a soket yana jiran ya yi zafi.

Bai ji lokacin da faɗan ya ƙare ba. Sai ganinsu ya yi a ƙofar kicin su biyu, kafaɗa da kafaɗa, kamar ba su ne suke cacar baki yanzu ba.

"Mun yi magana," in ji Baba. "In ta zo, ka ce mata fis ne ya ƙone."

"Ko ka ce ruwa ne ya shiga," in ji Inna. "Ai ba ƙarya ba ne, ruwa ne."

"Mun daina daga yau. Magana ta ƙare," in ji Baba.

"Auta na, ɗan albarka. Ka san in ta ɗauke shi ni ba zan iya hawa benen nan ba."

Auta ya sunkuyar da kai yana kankare bakin layin da ya katse. Ya san Yaya, in ta ce za ta yi, ta yi. Ya hango Baba a ɗakin saman bene yana kallon titi ta taga, Inna a nan ita kaɗai da kujerarsa. Ya kuma dubi ƙafafun Baba a cikin silifa, sun kumbura har igiyar ta nutse a fata. Wannan "mun daina" ya sha jin ta a gidan nan, tun zamanin lemon kwalba.

Aka buga ƙofar gida da ƙarfi. Ba a jira amsa ba aka turo.

Yaya ta shigo da jaka a kafaɗa, ta gaida iyayenta a tsaye, idonta yana kan tebur. Ta dubi allon, ta dubi ruwan sifirit da ya koma baƙi, ta dubi kiyashin da suka tsira suna bin ƙafar tebur a layi.

"Me ya same shi?"

"Fis," in ji Baba.

"Ruwa," in ji Inna, a lokaci guda.

"Ba ku na tambaya ba. Auta?"

Auta ya ajiye ƙarfen dalma a mazauninsa.

"Sukari ne, Yaya. Ana sawa a kwalbar kafin a danna. Su biyun duka, kowa bai san ɗaya yana yi ba."

Abin da ya biyo baya maƙwabta ma sun ji. Yaya ta jefar da jaka a kan kujera. Ta ce ita tana can tana hana kanta barci, tana neman izini a wurin aiki tana bin layin asibiti, ashe a nan gida ana haɗa wa mutum guba da cokali. Inna ta kama kuka. Baba ya ce a yi masa magana a hankali, shi ya haife ta. Yaya ta ce saboda shi ya haife ta ne take ihun. Ta shige ɗaki, sai ga ƙarar akwati ana janyo shi daga ƙarƙashin gado.

Auta ya bi ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu a wando.

"Yaya, ki bar shi."

"Matsa ka ba ni wuri."

"In kin kai shi can ba zai sha komai ba. Kin gan shi yau. Zai zauna ya bushe don ya ba ki haushi."

"To in bar shi su ƙarasa shi?"

"Ni zan riƙa zuwa. Da safe kafin in buɗe shago, da yamma in na rufe. Ni zan cika kwalaben, ni zan danna, in tsaya ya sha a gabana. Sukarin kuma ki tafi da shi."

Ta juyo da rigar Baba a hannu ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Kai? Kai da sai rana ta daki gadonka kake tashi?"

"Zan tashi."

"Kullum fa. Ba kwana uku ka ce mini aiki ya yi yawa ba."

"Na ji."

Ta jefa rigar a kan gado, ta tura akwatin da ƙafa, bai ma shige duka ba.

"Zuwa ranar komawa asibiti. In aka auna ya hau ko da ɗigo ne, kai da kanka za ka ɗauko akwatin nan ka kai mota."

Ta fito ta ɗauke gwangwanin sukari daga kanta, ta zazzage aljihun rigar sanyi ta bayan ƙofa, ta bincika har ƙarƙashin matashin kujerar Baba, inda ta samo wani ƙullin da shi kansa ya ce ya manta da shi. Ta fita ba sallama.

Gidan ya yi shiru. Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Baba ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

"Mutum ya haifi ɗa, ashe ɗan rahoto ya haifa," ya ce wa bangon.

Auta ya koma teburinsa. Ya yanko siririyar waya, ya fere bakinta biyu, ya ɗora ta a kan inda layin ya katse ya ɗiga dalma nan da can. Ɗaya gefen bai kama ba, sai da ya sake shi. Ya gwada da mita, ta yi ƙara. Ya wanke bututun da ruwan ɗumi, ya mayar da wayoyi yana duba hoton, ya rufe murfi, ya liƙe tsagewar gefen da salatif. Ya ɗauraye kwalbar sau da yawa, har sai da ya daina jin santsi a cikinta, ya cika ta da ruwan sanyi ya ɗaura. Da ya jona, ƙaramar fitilar ta kawo. Ya danna.

Fiss.

A falo kafaɗar Baba ta motsa, amma bai juyo ba. Auta ya zuba a kofi ya kai masa.

"Baba, ga shi."

"Kai wa yayarka."

Auta ya tsaya da kofin a hannu yana kallon ƙeyar tsohon. Ga mai waya can yana jiransa, ga tashin asuba da ya ɗora wa kansa ba ranar ƙarewa, ga wanda ake yi dominsa ya ba shi baya. Ya ajiye kofin ya fita.

A bakin layi akwai mai sayar da kayan marmari. Ya karɓo lemon tsami ya dawo, ya yanka biyu, ya cire 'ya'yan da bakin wuƙa, ya matse rabi a cikin kofin. Ya matsar da kujerar tsugunno inda hannun Baba zai kai ba sai ya juyo ba. Sannan ya koma kicin ya shiga tattara kayansa, yana share gawarwakin kiyashi daga kan tebur da gefen hannu.

Can sai ya ji ƙarar kofi ya bar kujera. Aka yi shiru. Sai gyatsa, doguwa.

"Tsami ya yi yawa," in ji Baba, har yanzu da bangon yake magana.

Ya miƙo kofin ta gefe, babu komai a ciki, bai waiwayo ba. Auta ya zo ya karɓa, ya koma kicin, ya sake cikawa, ya rage tsamin.